Hamma Ummaru da Gaisuwar da Muka Yi wa Labule

Daga Allah muka fito, kuma gare Shi ake mayar da mu ɗaya bayan ɗaya, ba tare da an nemi shawararmu ba. A ranar Talata, 14 ga Janairun 2025, da hantsi, Allah Ya karɓi ran Malam Ummaru Sabiyal a gidansa da ke Aliero, bayan jinyar wata biyu. Yana da shekara sittin da ɗaya. An yi masa sutura bayan azahar. Ya bar mace ɗaya, Malama Iklima, da 'ya'ya huɗu, da kurame kusan talatin tsakanin Jega da Aliero da Maiyama, waɗanda ba su da mai tsaya musu a gaban taro sai shi. Ni Hamma nake ce masa, yadda Fulanin unguwarsu ke kiran babban wa, don ya girme ni da shekara takwas, kuma bai taɓa bari na manta da hakan ba.

Hamma, na so in rubuta maka ta'aziyya mai sanyi irin wadda aka saba. Haushi ne ya hana ni, kuma ba haushinka ba ne wannan karon.

Kwana huɗu da rasuwarka, babbar 'yarka Amatullahi ta same ni a ƙofar gidana. Bayan ta durƙusa ta gaishe ni, sai ta ce, "Baba Haliru, Inna ta ce in tambaye ka, wai mi Baba yay yi muku?"

Na ce, "Subhanallahi! Kamar yaya?"

"Ta ce kwana ukku tana zaune, ba ta ga abokinai ko guda ba. Ba kai, ba Liman."

"Ai mun zo! Sau biyu ina tsayawa bakin ɗakinta. Liman ya yi addu'a har ƙafata ta yi tsami."

"Na hwaɗa mata. Ta ce ita dai labule tag gani."

Malama Iklima kurma ce tun tana 'yar shekara uku. Babu wanda bai san haka ba a cikinmu. Mijinta ma kurma ne, kuma ya kwashe shekara ashirin da tara yana koya mana yadda ake magana da kurma. Amma da ya kwanta dama, sai muka jeru a tsakar gidansa, malamai da masu digiri da masu rawani, muka tsaya bayan labule kamar yadda maza ke gaida mai takaba, muka yi ta zuba kalamai masu daɗi a kan ƙyallen atamfa. Ita kuwa tana ciki tana kallon ƙofa, tana lissafin wanda ya zo da wanda bai zo ba, har ta yanke cewa abokan mijinta sun watsar da shi tun kafin ƙasar kabarinsa ta bushe.

Ga wanda bai san Hamma Ummaru ba, ba a haife shi kurma ba. Malamin firamare ne a Sabiyal, yana riƙe da aji biyar, har shekarar sankarau, 1996. Ya kwanta mako biyu, ya tashi da ransa, amma kunne ya tafi. Murya ta rage masa, kuma murya ce mai kauri. A hankali ya koyi karanta magana a leɓen mutum, ya iya ƙwarai, in dai an bar masa leɓen a fili. To a nan ne muka fara cutar da shi da ladabi. Mu mutane ne da aka rena a kan cewa ba a kallon idon babba. Ga shi babba, ga shi malami, ga shi Allah Ya jarrabe shi, don haka duk wanda ya zo gaishe shi sai ya sunkuyar da kai har haɓa ta taɓa ƙirji, ya yi ta yi wa ƙasa bayani. Ranar da na fara zuwa duba shi haka na yi. Ya bar ni na gama, sannan ya ce, "Haliru, ɗaga kanka. Hularka nika gani, hula ko ba ta magana." Waɗanda ba su sunkuya ba kuma sai su zagayo gefensa, su kafa baki a kunnen da ya mutu, su yi ta kwarara ihu daga inda ba ya ganinsu.

Ya bar aji ya koma noman albasa. Ranar kasuwar Jega, in ya sallami buhunansa, sai ya je ya zauna cikin kuramen kasuwa, teloli da masu gyaran takalmi da 'yan dako, yana koyon maganar hannu. Malamin da ya saba riƙe alli ya koma ɗalibin mai ɗinkin takalmi, kuma ban taɓa jin ya ce abin ya taɓa masa girma ba. A can ya san wan Iklima, daga nan aka yi aure.

Ni kuwa, ban da koyar da tarihi, Allah Ya jarrabe ni da son makirufo. Saukar karatu, naɗin sarauta, taron ƙungiyar manoman albasa, duk inda aka kafa rumfa ni ake kira in gabatar. Ina alfahari da cewa zan iya yin minti goma sha biyar ina jero sarautun manyan baƙi ban tsallake ko ɗaya ba. Sai dai kafin ka gaida babban tebur, dole ka juya wa jama'a baya. Ban taɓa lura ba sai ranar da na ji hannu biyu a kafaɗuna, ana juya ni kamar ragon da mai saye ke dubawa. Hamma ne, ya taso daga cikin mutane. Ya daidaita ni ina fuskantar taro, ya kama makirufon ya sauke shi ƙasa da haɓata, ya ce, "Riƙe shi nan. Ba cinye shi anka ce ka yi ba." Ya koma ya zauna. Mutum ɗari uku suka yi dariya. Na yi mako biyu ba na gaishe shi, abin da bai dame shi ba ko kaɗan, don a cewarsa bai ji bambanci ba.

Daga ranar ban sake samun sakewa ba. In na tsaya taga na bayana, sai ya ɗaga hannu, wai fuskata ta zama inuwa. In na yi sauri, ya ɗaga hannu. In na yi yawo da makirufo daga wannan kusurwa zuwa waccan, yadda na ga ana yi a talabijin, sai ya tambaye ni ko wani abu na yar nake nema. Daga baya ya daina zama ma. Sai ya tsaya a gefen mai magana, yana kallon bakinsa yana mayar wa 'yan uwansa da hannu. Masu shirya taro ba su gayyace shi ba, ba su kuma san yadda za su kore shi ba.

Akwai wani hakimi, Allah Ya ƙara masa lafiya, da ya tashi jawabi a wani taro a Maiyama, ya ja amawali ya rufe baki har zuwa hanci, kamar yadda sarauta ta gada. Hamma ya jira minti ɗaya, biyu, sannan ya zube a gabansa ya yi gaisuwa cikakkiya, ya ce, "Ranka shi daɗe, a taimake mu a sauke amawali. Bakinka muka saurare." Dogarai suka zabura. Ni da ke riƙe da takardar tsarin taro na fara tunanin ta wace ƙofa zan fita. Hakimi ya dube shi, ya dubi layin kuramen da ke zaune sun zuba masa ido, ya sa yatsa ya ja amawalin ƙasa, ya ci gaba da magana. Abin da fadawa suka shekara suna cewa ba ya yiwuwa, bai ɗauki daƙiƙa biyu ba.

Wanda ba na mantawa shi ne taron ruɓewar albasa. Shekarar nan albasa ta yi ta lalacewa a rudu, wato rumbun kara da ake adana ta, sai ƙungiya ta gayyato wani ƙwararre daga birni. Ya zo da majigi. Aka rufe tagogi, aka kashe fitilu, ya yi rabin awa yana nuna hotuna yana cewa, "Kamar yadda kuke gani a nan." A gefen Hamma akwai Malam Tamu na Danwarai, makaho, wanda ke tantance albasa da hannu da hanci fiye da masu ido. Da aka kunna wuta Tamu ya juyo ya yi masa ƙorafi, Hamma ya karanta a bakinsa, ya miƙe. Ya ce, "Malam, sannu da ƙoƙari. Ni kurma na, wanga makaho na. Ni duhu ya hana ni, shi kuma 'kamar yadda kuka gani' ta hana shi. Mu biyu mun haɗu ba mu tashi da rabin mutum ba. Ko albasarmu ba ta ruɓewa?" Baƙon mutumin kirki ne. Ya sa aka buɗe tagogi, ya sake daga farko, yana faɗin abin da ke cikin kowane hoto: ga wuyan albasa bai bushe ba, ga rudu an cika shi har sama iska ba ta ratsawa. A ƙarshe wani dattijo mai ido biyu da kunne biyu ya ce shi ma sai yanzu ya gane. Hamma bai bar ni na ci abinci ba sai da na rubuta masa duk abin da aka faɗa, shafi huɗu. Ya hau babur ya bi Danwarai da Dangamaji da Sabiyal gona-gona, yana kai wa kuramen da ba su zo ba.

Bai tsaya kan kurame kaɗai ba. Layin gaba a kowane taro namu na kujerun kushin ne, an keɓe wa manya waɗanda ba za su iso ba sai ana addu'ar tashi. Kushin na zaune ba kowa, masu buƙatar ganin baki suna can baya kusa da janareto. Sai Hamma ya riƙa ɗauro benci a bayan babur, ya dasa shi a gaban kushin. Wata shekara kuma wani ofishi, ba sai na faɗi suna ba, ya shirya taron karrama masu buƙata ta musamman a hawa na biyu na bene. Guragu suka taru a gindin matakala da kekunansu, mu muna sama ina ta maimaita "masu buƙata ta musamman" a lasifika, don kalmar tana da daɗin faɗa. Hamma ya hau ya ɗauki tutar tebur da kwalbar furanni ya sauko da su ƙasa ya ajiye a gindin bishiya. Babban baƙo ya ga an tafi da kayan adonsa, dole ya biyo su.

Kada a ɗauka waliyyi nake bayyanawa. Mutum ne mai taurin kai, mai son a ce shi ke da gaskiya, kuma abin takaicin shi ne yawanci shi ke da ita. Sannan bai iya raɗa ba. Tun da ba ya jin muryarsa, abin da yake zaton sirri ne tsakaninmu yakan kai har layin baya. An taɓa yin wani mai jawabi da ya yi awa guda, Hamma ya karkato ya raɗa mini, a zatonsa, "Wanga ko ya san abin da shika hwaɗi? Ni dai bakinai na motsi, ban ga magana ba." Har mai jawabin ya ji. Ni aka harara, don ni ke da kunnen jin kunya.

Wannan mutumin muka kai makwanci, muka dawo muka yi masa zaman makoki na kwana uku. Mun kafa rumfa, mun jera kushin a gaba, mun ɗauko lasifika babba. Kuramen kasuwar Jega sun zo tun ranar farko, su goma sha bakwai, suka zauna a jikin katanga can ƙarshe, babu wanda ya ce su matso. Masu jawabi suka yi ta yabon yadda marigayi ya tsaya wa nakasassu, kowa ya manna makirufo a leɓe. Ni na gabatar da su, ɗaya bayan ɗaya. A cikin gida mata suka yi ta shiga wurin Iklima, kowace ta ja mayafi ta toshe baki saboda kuka da kunya, ta sunkuya ta yi gunaguni ta fita. Amatullahi, wadda ita kaɗai ce cikin 'ya'yan ta ƙware a maganar hannu, tana can tsakanin tukwane da baƙi da nata hawayen. Babu mugu ko ɗaya a cikinmu. Kowa ladabi ya yi, iyakar yadda aka koya masa. Na karanta littattafai da dama a kan yadda al'umma ke mantuwa, amma ban taɓa ganin wadda ta manta darasin shekara ashirin da tara a cikin yini ɗaya ba sai tamu.

Ranar bakwai da safe na sami Liman Waliyyu da Mas'ud, ƙanin marigayi, a zaure, na faɗa musu saƙon Iklima. Na ce a ɗage labule, mu sake gaisuwa daga farko.

Mas'ud ya ce, "Haba Malam Haliru! Mace cikin takaba, a buɗe ƙofa maza su riƙa kallon ta? Mi mutane za su ce?"

Na ce, "Ai kwana ukku suna cewa, Mas'ud. Ita dai ba ta ji ko guda ba."

"To ɗiyarta ta hwaɗa mata mun zo, shi ke nan."

"Ta hwaɗa mata. Kai in anka ce maka an kai maka tuwo gidan maƙwabci, ka ƙoshi?"

Liman ya ja carbi. Can ya ce, "Addu'a dai ta kai inda anka aike ta, Allah na ji. Gaisuwa ce ba ta kai ba, ita ko ta mai rai ta. Labulen ga kunyarmu ta, ba shari'a ba. Ta sa hijabinta ta zauna bakin ƙohwa. Ni za ni hwarawa." Mas'ud ya yi ƙwafa, ya ce shi dai ba da bakinsa ba, sannan ya tashi da kansa ya ɗauko tabarma.

Aka naɗe labule aka rataye a kan ƙofa. Iklima ta zauna daga ciki inda hasken hantsi ke faɗowa, Amatullahi ta tsaya a gefen mai magana yadda uwar za ta ga baki da hannu a lokaci ɗaya. Ban taɓa ganin manyan mutane sun sha wuya a kan abu ƙarami irin na ranar ba. Liman ya fara da kyau, kafin ya kai tsakiya idonsa ya koma kan yatsun ƙafarsa. Iklima ta buga tabarma da tafin hannu, ya ɗago kamar ɗalibin da aka kama yana gyangyaɗi. Wani attajirin albasa da ke iya yi wa direbobi goma tsawa a lokaci guda ya durƙusa, ya dube ta, ya kasa cewa komai sai "Ya kyauta mini," ya fashe da kuka. Ta gyaɗa masa kai. Wannan ba ya buƙatar tafinta.

Da layi ya zo kaina, jawabin da na tsara a hanya ya watse. Na ce mata mun zo tun ranar farko, kuma mijinta ya fi mu duka. Ta yi magana da hannu, gajeriya. Amatullahi ta ce, "Ta ce Baba kan ce ka hi kowa surutu, amma bakinka ya hi na kowa sauƙin karatu." Shekara ashirin da tara, Hamma, ba ka taɓa faɗa mini wannan ba. Sai gyara, sai ɗaga hannu.

Daga ƙarshe aka kira kuramen Jega. Suka shigo suka zauna a gabanta, Amatullahi ta sauke hannuwanta da suka gaji, ta jingina da bango. Hannuwa suka fara tashi, wannan ya karɓa daga wancan, wani tela tsoho ya miƙe yana kwaikwayon wani abu da kafaɗa. Iklima ta yi dariya har ta rufe fuska, sannan dariyar ta koma kuka, suka jira ta, suka ci gaba. Mu masu kunne muna tsaye a rana, Liman da attajiri da ni mai makirufo. Mas'ud ya taɓa ni ya ce, "Mi suka hwaɗi?" Na ce ban sani ba. Babu wanda ya waiwayo ya gaya mana. Minti ashirin kacal aka yi, na duba agogo, amma kafin su cika har na fara jin an wulaƙanta ni.

Ya Allah, ga bawanKa Ummaru ya zo gare Ka. Ka gafarta masa, Ka yi masa rahama, Ka yalwata kabarinsa Ka haskaka shi. Ka karɓe masa kunne a duniya ya yi haƙuri, Ka sa abin da zai fara ji ya zama sallamar mala'ikun rahama. Ka yafe masa zafin bakinsa, mu ma mun yafe, ko da yake mu ne da neman yafiya. Ka sa Aljannar Firdausi ce makomarsa, mu kuma in tamu ta zo Ka sa mu cika da imani.

Ina miƙa ta'aziyyata ga Amatullahi da ƙannenta, da Mas'ud da dukkan dangi a Sabiyal da Aliero, da Malam Tamu, da kuramen kasuwar Jega waɗanda rashin ya fi taɓa su fiye da mu masu jawabi. Malama Iklima, na san Hamma ya koya miki karatu, kuma za ki bi wannan takarda da yatsa, layi-layi, ba mai tsayawa tsakaninmu. Mijinki bai yi mana komai ba sai alheri. Ba mu guje shi ba. Zuwa ne ba mu iya ba, ki yafe mana. Allah Ya ba ki haƙuri, Ya raya abin da ya bari.

Haliru Ya'ƙub, Jega